Rigar da Ta Ci da Rigar da Ta Tsufa

Har gobe ban manta da ranar da aka shimfiɗa rigata da ta Sabi'u a kan tebur ɗaya, aka ce mutum uku su faɗi wadda ta fi ba. Ni na ci. Na faɗi haka tun da wuri don kada wani ya gyara zama yana zaton kukan wanda aka kayar zai ji. Amma tun da ku ƙananan malamai kun dame ni da tambayar abin da ya sa ba na gama magana a kan riga sai an sa ta a jiki, bari in ba ku labarin daga tushe.

Ga wanda bai san wurin aikinmu ba, cibiyar koyar da sana'o'i ce a nan Daura. Akwai sashen kafinta, da na walda, da na ɗinkin keke, sai namu na aikin hannu, wato adon da ake yi wa babbar riga da hula da allura da zare. Mutum yakan shiga a matsayin mataimakin malami, ya zama malami, daga nan babban malami. Sama da su akwai shugaban sashe, shi kuma yana ƙarƙashin shugaban cibiya. A lokacin da nake magana ni babban malami ne tuntuni. Sabi'u bai daɗe da kamo ni a wannan matsayi ba, ko da yake na riga shi shiga aiki da shekaru masu yawa. Mutumin Mashi ne, siriri, mai yawan dariya, kullum ƙafar wandonsa da ƙurar babur. Shugaban sashenmu kuwa Baba Ɗanjuma ne, wanda ya koya mana riƙon allura mu duka biyun.

Mu masu wannan sana'a ba fuskar aiki muke fara dubawa ba, juya shi muke yi mu ga baya. A nan ake gane wanda ya zauna ya koya. A baya ake ganin ƙulli, da inda aka yi tsallake da zare don gudun wahala, da inda hannu ya gaji ya fara sakaci. Ba yabon kai ba, a duk sashenmu babu mai tsaftar baya irin tawa. Idan na yi aska, wato dogon zanen nan mai tsini da ke saukowa daga wuya zuwa kan aljihu, takan miƙe sak. Idan na yi tambari, da'irar da ke kan ƙirji da baya, ba ka gane inda na fara balle inda na tsaya.

Sabi'u kuwa hannunsa ba ya jin magana. Yakan yi zane a kan shadda, sa'an nan yana cikin ɗinki ya saki layin ya bi son ransa. Bayan aikinsa kamar sheƙar kaza.

Abin da ya riƙa ci mini rai shi ne yadda Baba yake duba aikinmu. In na kai masa nawa, sai ya juya shi, ya bi da babban yatsa, ya ce, "Madalla, Isuhu. Babu gyara." Ya miƙo mini, shi ke nan, ko zama ban gama yi ba. In Sabi'u ya kai nasa, faɗa ake farawa da shi. "Wannan wane irin ƙulli ne na ragwaye? Wa ya koya maka haka? Ba dai ni ba." Amma yana faɗan yana riƙe da rigar. Ya tashi da ita zuwa bakin ƙofa wajen haske, ya ɗaga, ya rataya a kafaɗa, ya ja da baya, har shayinsa ya huce. Ni ana yaba mini a sallame ni, shi ana yi masa faɗa a zauna da aikinsa. Ƙyashi nake ji, ba wani abu ba, kuma ban taɓa yi wa kaina ƙarya a kan sunansa ba.

To, akwai wata al'ada da muka tarar a sashen. Idan shugaban sashe zai yi ritaya, manyan malamai kowa yakan yi masa riga. Ranar walimar ban kwana, rigar da ya sako, wanda ya yi ta shi ne magajinsa, sunansa za a tura sama. Ba a jawabi a kai, ba a gardama. Yana shigowa kowa zai kalli ƙirjinsa, magana ta ƙare.

Da lokacin ritayar Baba ya matso, manyan malamai mu biyu ne kacal. Na zauna na auna, na ga in dai aka bar wa Baba zaɓi, kujerar da na daɗe ina yi wa hidima ta Sabi'u ce.

A shekarar ne aka turo mana sabuwar shugabar cibiya daga Katsina, Hajiya Rakiya, mace mai son tsari, wadda ba ta yarda da "haka muka tarar" ba. Na same ta a ofis bayan an tashi ɗalibai.

Na ce, "Ranki ya daɗe, wata magana ce a kan sashenmu. Matsayi ne na gwamnati, amma an rataye shi a kan abin da ran mutum ɗaya yake so. In ransa ya fi son wane fa, ba don aikinsa ba?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Malam Isuhu, kana ganin ana iya auna kyan riga?"

"Ana iyawa, ranki ya daɗe. Abu uku ne. Daidaiton zane, da cikar ɗinki, da tsaftar baya. Duk wanda ya san aikin, ko daga ina ya fito, a kan waɗannan ba zai saɓa wa ɗan'uwansa ba."

Ta ce, "Kuma a dukkan ukun kai ne gwani, ko?"

Na ce, "Wannan sai alƙalai."

Ta yi murmushi, amma ta karɓi shawarar. Har yau ban ga laifina a nan ba. Ƙyashi ne ya kai ni ofishinta, amma abin da na faɗa gaskiya ne, kuma da wani ne ya faɗa da an ce ya yi hangen nesa.

Aka tsara cewa za a ba mu shadda iri ɗaya, fara, daga bandir ɗaya, da lokaci ɗaya. Alƙalai uku ne, Hajiya da kanta, da Baba, da Alhaji Mamman, wani tsohon dillalin riguna na kasuwar Daura. Rigar da ta ci ita Baba zai sa ranar walima, don kada al'ada ta mutu gaba ɗaya. Da aka gaya wa Baba bai yi musu ba, ya dai dube ni ya ce, "To, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Sabi'u kuwa dariya ya yi ya ce, "Yaya Isuhu, ashe jarrabawa za mu koma da tsufanmu."

Na zuba wa rigar nan duk abin da na sani. Aska takwas na yi mata da farin zare a kan farar shadda, aikin da ba ya ɓoye kuskure ko na ƙwayar gero. Inda na ga ɗinki ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo sai in warware. Da na gama na kai ta wurin masu bugu, suka buge ta har tana ɗaukar ido.

Ranar hukunci, da hantsi, masinja ya shigo da rigunan a leda iri ɗaya, babu suna, wai don kada a san ta wane ce. Ni da Sabi'u aka ba mu benci a bakin ƙofa, da sharaɗin ba za mu ce uffan ba. Baba ya kalli ledojin ya yi dariya.

"Hajiya, ai ko ido aka ɗaure mini aka miƙo su, yatsana zai gaya mini mai kowacce."

Ta ce, "Na sani, Baba. Shi ya sa ba wadda kake so za mu tambaye ka ba. Abu uku za mu tambaya."

Aka shimfiɗa su. Sai a ranar na ga ta Sabi'u a gama. Ya haɗa zare biyu, ruwan madara da ruwan ƙasa mai haske, yana shiga da wannan yana fita da wancan ba bisa wata ƙa'ida da na sani ba. Askarsa ɗaya ta zarce sauran tsawo, ta ɗan karkata a ƙarshe. Raina ya yi fari, na ce a zuci wannan ai ya kayar da kansa.

Hajiya ta ɗora rula a kan askata, ta zauna daram. Ta ɗora a kan tasa, sai ga tsinin ya leƙo ta gefe. Alhaji Mamman ya sa aka kawo masa murfin samira daga ɗakin shayi, ya kifa a kan tambarina, ya hau cif. Ya kifa a kan na Sabi'u, gefe ɗaya ya fito, ɗaya ya shige. Da aka juya bayansu kuwa, Alhaji Mamman ya ɗaga tawa ya ce, "Wannan ko a bai-bai mutum ya sa ta zai shiga taro." Ya dubi ɗayar ya girgiza kai kawai.

Sai Baba ya ce, "Hajiya, da za a samu wani ya sa su mu gani a tsaye."

Ta ce, "Baba, ba ya cikin abin da muka shirya. In dogo ya sa wata ta yi kyau, in gajere ya sa wata ta yi kyau, mun koma inda muka fito."

Ya ce, "Haka ne."

Hajiya ta zaɓi tawa. Alhaji Mamman ya zaɓi tawa. Aka juya ga Baba. Ya ce, "A kan abu ukun da aka tambaye ni, wannan ta fi, kuma ba kusa ba." Da haɓa ya nuna rigata. Hannunsa kuwa yana kan ta Sabi'u, yana shafa karkatacciyar askar nan a hankali, shi kansa bai san yana yi ba. Babu wanda ya lura sai ni, don ni shekara da shekaru hannun nan nake kallo. Ana yi mini barka, ni kuwa wani abu ya tokare mini ƙirji.

A waje Sabi'u ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Yaya Isuhu, Allah ya taya riƙo. Wallahi bayan rigarka ya fi fuskar tawa." Da ya sha kunu ko ya yi gunaguni da na fi jin daɗi.

Ranar walima Baba ya cika alkawari, ya shigo da rigata. Aka yi ta yabo, aka yi hotuna, wani baƙo daga Katsina har ya nemi a nuna masa mai hannun. Bayan 'yan makonni aka tabbatar mini da shugabancin sashe. Na ce to, magana ta ƙare.

Juma'ar da ta biyo bayan walima, ina fitowa daga masallaci ta hanyar rijiyar Kusugu, na hango wani dattijo a gabana ya naɗe hannun riga a kafaɗa, yana tafiya a hankali. Rigar na fara kallo kafin mutumin, kamar yadda muka saba. Zaren yana sauya launi in ya shiga rana, ya koma in ya shiga inuwa. Na ce a raina wannan aikin wane gari ne. Sai ya waiwayo, ashe Baba ne, cikin rigar Sabi'u. Na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi iyali, ko alamar ya ga abin da ke fuskata bai nuna ba.

Daga nan ta zama rigarsa. Ɗaurin aure ita, suna ita, Juma'a ita. Tawa ban sake ganinta ba ko sau ɗaya.

Kada ku zaci gari ya bi bayan Baba. Alhaji Mamman ya ce mini har gobe in aka kawo masa su kasuwa tawa zai ɗauka, waccan sai mai irin ran Baba. Hajiya Rakiya ta ce ita launi biyun nan hayaniya yake yi mata a ido. Wasu kuma suka riƙa tsayar da Baba a hanya suna tambayar wanda ya yi. Na riƙa tattara maganganun masu kushe ta ina kai wa gida kamar cefane, har ran nan mai ɗakina ta gaji ta ce, "Malam, kujera ka nema, an ba ka. Yanzu kuma jikin tsohon kake so a ba ka?" Ta kuwa taɓa inda yake mini ciwo.

Sabi'u ya yi aiki a ƙarƙashina na wani lokaci ba tare da mun taɓa sa-in-sa ba, daga baya ya ajiye aiki ya koma Mashi ya buɗe shagonsa. Na ji har daga Nijar ana kawo masa aiki.

Shekaru suka wuce. Wata ranar Litinin da damina, ina duba hulunan ɗalibai, sai ga Baba ya shigo da sanda, da leda a hammata. Ya tsufa ƙwarai. Na ba shi kujerarsa ta da, na zauna a benci. Bayan gaisuwa ya zaro rigar Sabi'u ya ɗora mini a cinya.

"Isuhu, taimaka mini za ka yi. Wuyan ya fara warwarewa."

Na juya ta. Daidai inda na san za ta ba da matsala, nan ta bayar. Ƙullin ragwayen nan ya saki, zare ya zame a cin wuya da gindin doguwar askar. Wani daɗi ya ratsa ni, na kasa riƙe bakina.

Na ce, "Baba, ka gani ko? Da tawa ce, har jikokinka sai sun gaje ta zare ɗaya bai motsa ba."

Ya ce, "Gaskiyarka. Tana nan ma a akwati, yadda masu bugu suka ninke ta."

"To me ya sa ba ka sa ta? Ka nuna mini aibinta, in sani."

"Ba ta da aibi."

"To ita wannan da me ta fi ta?"

Ya tsura wa rigar ido. Na ga ba zai amsa ba, sai na ba shi amsar da na daɗe da tanada, don na yi shekaru ina binciken abin a raina. Na ce, "Ko don kafaɗarka ta hagu ta ɗan sauka ne saboda zaman ɗinki? In ka sa ta, karkatar askar takan bi jikinka ta miƙe. Na lura da haka. Shi ne sirrin, ko?"

Baba ya yi dariya har da tari. "Kai, Isuhu. Ni ban taɓa sanin kafaɗata ta sauka ba sai yau. Shi ma Sabi'un na tambaye shi abin da ya sa ya karkata ta, ya ce haka hannunsa ya tafi. Kai so kake in ba ka dalili ka je ka koya, ka dawo ka fi shi a nan ma. Ba ni da shi. Taka in na gan ta sai in ce madalla. Wannan in na gan ta sai in ji ina son in sa. Iyakar abin da na sani ke nan."

Na ce, "Ka kai masa mana Mashi, ai mota ɗaya ce."

"In na kai masa zai warware ya yi mini wani sabon abu, don ba ya iya maimaita kansa. Ni kuwa ita nake so yadda take. Babu mai iya bin sawun hannun wani har a kasa ganewa sai kai."

Na karɓa, don ba a ce wa Baba a'a. Ban taɓa yin aikin da ya wahalar da ni kamarsa ba. Hannuna ya saba da miƙewa, sai ga shi dole in bi inda Sabi'u ya kauce in kauce tare da shi, in tsawaita ɗinki inda ya tsawaita, in sauya zare inda babu dalilin sauyawa. Na nemo zaren da ya koɗe daidai da nasa. Da farko ina yi ina tsaki. Can wajen gindin askar na kama kaina na tashi da rigar zuwa bakin ƙofa, na ɗaga ta a haske, na ja da baya ina kallo, shayina yana hucewa a kan tebur. Na yi maza na dawo na zauna kafin wani ya gan ni. A baya dai ban bi shi ba, na ɗaure kowane ƙulli irin nawa, yadda ba zai ƙara saki ba.

Da na kai wa Baba gida, ya sa tabarau ya bi wuyan da yatsa, ya sake bi, ya kasa gano inda Sabi'u ya tsaya na ɗora. Ya ce, "Ai na faɗa, babu hannu irin naka a ƙasar Daura." Maganar da na yi rabin rayuwata ina jira ke nan. Ya faɗe ta yana zura kansa cikin rigar wani.

Abin da wannan ya koya mini game da sana'armu shi ne tambayoyi biyu ne, kuma ba a biyan ɗaya da amsar ɗaya. Akwai wadda rula da murfin samira suke amsawa, kuma kada wani ya raina ta, don ita ce take hana wuya warwarewa, ita ce kuma take hana a ba ɗan gaban goshi abin da ba nasa ba. Akwai kuma wadda babu mai amsa ta sai wanda zai sa rigar, shi ma ba lalle ya san dalili ba. Ta farko ana koyonta, ana cinta da naci. Ta biyu ba a ƙwatarta, na gwada. Shi ya sa in kun kawo mini aiki nake juya bayansa in faɗi abin da ke aunuwa, sa'an nan in sa a saka a jiki in faɗi abin da raina ya ji, in kuma gaya muku wanne ne wanne.

Ni ma ritayata ta matso, kuma tsarin Hajiya Rakiya yana nan ba a sauya shi ba. Manyan malamai biyu sun karɓi shaddarsu, kun san kanku. Na riga na san wadda za ta ci, kuma da bakina zan faɗa, don ta cancanta. Na kuma san wadda nake daɗewa da ita a bakin ƙofa. Kai mai tsaftar hannu, ina ganin yadda kake kallona daga bencinka in na tashi da aikin ɗan'uwanka zuwa haske. Na san abin da ke tokare maka ƙirji, kuma ba ni da maganinsa. Da ina da shi, da na fara sha.